Am Bayyumi, Mai Sharar da Ya Tsayar da Jirgin Amarya

Kullum rana kan fito ta tarar Bayyumi Abdul-Gawad ya riga ta isa filin jirgin sama na Alkahira. Motar haya ta farko yake hawa daga unguwar Matariyya, da gurasa biyu da dafaffen wake ƙulle a hankici. Kowa Am Bayyumi yake ce masa, kamar baffansa ne na jini. Idan ya shiga ƙofar ma'aikata sai ya gaida mai gadi, ya sha shayi a tsaye, ya ɗauki doguwar tsintsiyarsa da wani tsohon gwangwanin man shanu da ya yi wa mariƙi da waya. Daga nan sai ya yi abin da ya daɗe yana ba manya haushi: ya tuɓe takalman da aka ba shi, ya rataya su a wuya, ya taka kwalta ƙafa ba komai.

Shekara talatin da biyu ya yi yana wannan tafiya, kai a sunkuye. Ranar Alhamis da ta wuce ya ajiye tsintsiya, kuma bai kamata irinsa ya tafi shiru ba.

Wanda bai leƙo filin nan ba tun zuwan jiragen jet, wallahi an bar shi a baya! Da can tafiya Landan sai an sauka nan a sha mai, a sauka can a kwana. Yanzu mutum zai karya kumallo a gidansa, la'asar ta same shi a ƙasar Turawa. Ranar Juma'a barandar sama cika take yi da iyalan da ba su da matafiyi ko ɗaya, kallo kawai ya kawo su, suna ɓarar 'ya'yan kankana suna nuna jirage da yatsa. Ga maza cikin kwat, ga mata da safar hannu, ga 'yan fim da baƙin tabarau, masu hoto na binsu da gudu. Ga 'yan matan jirgi sun karkata 'yar hula, suna tafiya a jere kamar an auna takunsu. An ce a ciki har nama ake yanka wa mutum a gabansa, yana saman gajimare! Idan kuwa injin ya ɗauki kuka, har cikin ƙirji za ka ji shi, ka ji kamar ka yar da duk abin da ke hannunka ka bi shi.

Cikin wannan ƙyale-ƙyale ba mai kula da tsohon da ke yawo ƙarƙashin fiffike da tsintsiya. Amma ku tambayi Usta Girgis, babban makaniken da ya san cikin injin jirgi kamar cikin ɗakinsa.

"Jirgi mai farfela ai jaki ne," in ji Usta Girgis, "kome ka yi masa ya jure. Jet kuwa ɗan gata ne mai haɗama. Duk abin da ke gaban bakinsa sai ya zuƙe, ga shi cikinsa ba ya ɗaukar ko tsakuwa. Ƙusa ɗaya ta shiga, fankar ciki ta tarwatse. Ni gyara nake yi. Am Bayyumi shi ke hana ɓarnar."

A gonar auduga ya koyi sana'ar, can ƙauyensu a Munufiyya, inda ake bin ganye ɗaya bayan ɗaya ana neman ƙwan tsutsa. Can wuyansa ya saba da sunkuyo. Abin da ido ya tsallake kuma, tafin ƙafarsa ke gaya masa. An taɓa kawo wani amalanke mai mayen ƙarfe daga Turai, aka ce ya maye gurbin masu shara. Am Bayyumi ya bi bayansa a hankali, da yamma ya zazzage rabin gwangwani a gaban injiniyoyi: tsakuwa, maɓalli, fasasshiyar kwalba, gutsuren tagulla. Mayen ƙarfe bai san waɗannan ba.

Mutum ɗaya ne ƙafar nan ta fi tsone wa ido. Midhat Afandi, jami'in da wani kamfanin jirage ya ɗora kan sallamar jiragensa, mutum ne mai son tsari da turare.

"Am Bayyumi, don girman Allah! Turawa na sauka, abin da za su fara gani a Masar shi ne faso a dugaduganka?"

"Afandi, su kalli dalar dutsen nan ta tarihi mana. Ba ita suka zo gani ba?"

"Takalmin nan a wuya aka ce ka sa shi?"

"Ai yana hutawa ne. Sabo ne, kada ya lalace."

Haka suka yi ta fama, har ranar da duk tsofaffin ma'aikata ke kira ranar jirgin amarya.

Shekara biyar ke nan, watan Yuli, gab da azahar, kwalta na tiriri. Wata amarya 'yar manyan mutane, Durriyya, za ta tafi Roma da angonta. Da yake mahaifinta na da hanya, aka bar dangi suka rako ta har gindin matakalar jirgi, da furanni, da guɗa, da masu hoto. Amarya na ɗaga hannu daga sama sai mahaifiyarta, Ihsan Hanim, ta buɗe jaka ta yi abin da kowace uwa ke yi ranar biki: ta damƙo gishiri gauraye da ƙananan kwabbai, ta watsa sama don kore mugun ido. Ta watsa sau uku. Kwabbai suka warwatsu ƙarƙashin fiffike, wasu na gangarawa.

Am Bayyumi ya zo da sauri ya duƙa. 'Yan rakiya suka yi ta dariya, sun ɗauka rabonsa yake tsinta. Ya share, ya bi wurin da ƙafa taku-taku, ya zuba duk abin da ya samu a gwangwani. Aka janye matakala, aka rufe ƙofa. Saura a ta da inji.

Sai tsohon nan ya taka zuwa gaban jirgin, ya shimfiɗa tsintsiyarsa a ƙasa, ya zauna daram gaban tayar gaba.

Midhat Afandi ya rugo har hularsa na faɗuwa. "Ka haukace ne? Tashi!"

"Ɗaya bai faɗi ƙasa ba, Afandi."

"Ɗaya me?"

"Kwabo. Wanda ya faɗi kan kwalta sau ɗaya yake ƙara ya yi shiru. Wannan na ji shi yana tsalle, ƙarfe kan ƙarfe. Yana cikin bakin injin hagu."

"Cikin wannan guɗar ka ji kwabo?"

"Ni ban je makaranta ba, Afandi, amma kunnena ya je."

Ihsan Hanim ta taso tana fifita da hankici. "Wane ne wannan mai baƙar ƙafa da zai tare wa 'yata hanya ranar farin cikinta? Ku ba shi fam guda ya tashi!"

"Riƙe kuɗinki, Hanim," in ji shi, bai ko ɗaga murya ba. "'Yarki ce a ciki, ba tawa ba."

Matuƙin jirgin, Kyaftin Wagih, ya buɗe 'yar tagarsa ya leƙo, aka gaya masa. Ya ce a duba. Usta Girgis ya hau tsani da tocila, ya haska nan, ya haska can, ya daɗe. Ya sauko yana share gumi, ya kasa haɗa ido da abokinsa.

"Ban ga komai ba, Am Bayyumi."

Wurin ya kaure da surutu. Fasinjoji saba'in na gasuwa a ciki, mutanen baranda na ta fito da baki. Midhat Afandi ya sa hannu ya ɓalle lambar tagullar da ke ƙirjin tsohon, lambar da in babu ita ba mai shiga filin.

"Daga yau ka gama. Ka koma gonar audugar."

Kowa a wurin ya san ma'anar wannan. Shekara ashirin da bakwai na aiki sun tafi a banza, babu fansho, ga iyali a Matariyya, ga shekarun da ba mai ɗaukar mutum sabon aiki. Da ya tashi a lokacin ya ba da haƙuri, da wataƙila an mayar masa da lambarsa kafin la'asar. Bai tashi ba.

"Lambar taku ce, ɗauka. Hannun nan kuwa nawa ne. A bar ni in sa shi sau ɗaya. In ban samu komai ba, da ƙafata zan fita."

Aka dawo da matakala, Kyaftin Wagih ya sauko, da zinariyar kafaɗarsa da farar rigarsa. Ya dubi tsohon, sannan ya je ya riƙe tsanin da hannunsa.

"Hau, Am. Ni zan riƙe maka."

Am Bayyumi ya hau, ƙafa ba takalmi. Bai karɓi tocila ba. Ya rufe ido, ya zura hannu har kafaɗa, yana laluben ƙarfen kamar yadda yake laluben bayan ganyen auduga. Guɗa ta tsaya. Minti ɗaya, biyu, uku. Sai aka ga kafaɗarsa ta tsaya cak. Ya zaro hannu a hankali, ya ɗaga shi sama. Tsakanin yatsunsa biyu ga ɗan jan kwabo, ya maƙale a wani lungu da haske ba ya kaiwa.

Usta Girgis ya yi alamar gicciye. "Da an ta da injin nan ya girgiza," in ji shi, "da wannan ya faɗa cikin fanka, wataƙila daidai lokacin tashi."

Baranda ta ɓarke da tafi kamar an ci ƙwallo! Ihsan Hanim ta dubi kwabon, ta dubi tagar da 'yarta ke zaune. Sai ta rangaɗa guɗa, ta sake cusa hannu cikin jaka za ta watsa wa tsohon albarka. Makanikai suka yi kanta da ihu.

"Gishiri kawai, Hanim!" in ji Am Bayyumi daga saman tsani. "Gishiri kawai!"

Midhat Afandi, a faɗi gaskiya, da hannunsa ya mayar da lambar, a gaban kowa. Bai sake zancen takalmi ba. Tun daga ranar kuma duk uwar amarya a bakin ƙofa take watsa abinta.

Am Bayyumi, kai ne mai ido a tafin ƙafa. Kai ne ka zauna kan kwalta mai ƙuna, ka ajiye abincin 'ya'yanka a gaban taya saboda mutanen da ba su san sunanka ba. Masu hoto sun ɗauki amarya sau ɗari a ranar, kai ko sau ɗaya. Irinmu da ba mu taɓa cika wata shida a aiki ɗaya ba, kullum ido na sama muna neman inda za mu tashi, kai ka nuna mana cewa sai wani ya dubi ƙasa kafin wani ya tashi.

Duk shekarun nan bai taɓa shiga jirgi ba. Ranar Alhamis Kyaftin Wagih ya rantse sai ya kai shi Aswan ya dawo da shi. Ya zo da sabuwar jallabiya, takalmi a ƙafa ranar kam, yana takawa kamar an ɗaure shi. Aka ba shi kujerar taga, Usta Girgis a gefensa, 'yan matan jirgi na rige-rigen kawo masa alewa. Jirgi ya fara gangarawa zuwa titin tashi, kowa ya zuba masa ido a ga yadda zai yi murna. Shi kuwa ya manna goshi a taga.

"Girgis, wa aka ba sharar kusurwar gabas yau?"

"Haba Am, ka huta mana! Dubi sama!"

"Akwai marfin kwalba kusa da fitila ta uku."

Ya ga kogin Nilu daga sama, ya ce ashe siriri ne haka. Ya ci naman da aka yanka a gabansa, ya yaba. Da suka dawo da la'asar, kafin a kai shi wurin shayin bankwana, ya tuɓe takalmi ya nufi kusurwar gabas. Marfin na nan inda ya ce.

Mun gode, Am Bayyumi. Allah ya hutar da wuyan nan da ya daɗe a sunkuye, ya sanyaya ƙafar da kwalta ta gasa. Ku kuma da kuka gaji tsintsiyarsa, da mu da ke kan kowane ƙaramin aikin da ba a tafa wa, mu yi shi yadda ya yi nasa. Gwangwaninsa na rataye a ɗakin masu shara, marfin kwalbar nan na ciki. Gobe da sassafe wani ya ɗauke shi, ya cire takalmi.