Malama Yalwa da Muryar Mai Takaba

Da ta idar da sallar asuba, tun kafin ta ɗora ruwan koko, Malama Yalwa Adda takan zauna a bakin gado, ta jingina wayarta da kofin silba, ta yi gyaran murya ta ce, "Salamu alaikum iyayen yara, kun tashi lafiya? Ga karatun yau." Sai ta karanta jimla biyu ko uku da Faransanci, a hankali, ta maimaita, ta fassara da Hausa, ta tura. Daga nan ta yafa mayafi, ta fito tana tsallake ruwan da ya kwanta a layinsu na Zongon Kwatano, ta tsayar da zemijan, wato ɗan acaɓa mai riga ruwan ɗorawa, ta nufi lakwal, wato makarantar boko. Shekara talatin da 'yan kai ta yi tana karɓar 'yan aji ɗaya, waɗanda ake kawowa da majina a hanci da kuka a baki. Bana ta ajiye alli. Babu jaridar da ta buga hotonta, babu wanda ya rataya mata lambar yabo, kuma wallahi abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wannan karatu na waya ba daga littafi ta samo shi ba. Takaici ne ya haife shi. Yaro zai koyi abu da safe, ya koma gida ya tarar babu mai tuna masa. Uba yana kan hanyar arewa da babbar mota ko garken shanu. Uwa tana kasuwar Missèbo tsakanin dilolin gwanjo da atamfa, tana ciniki da Hausa da Fon da Yarbanci ba gargada, amma in aka miƙa mata takarda sai ta juya ta sama ta juya ta ƙasa ta ce a kira mata yaro. Malama ta lura da abu ɗaya: duk macen da ke kasuwa tana da Wasap, don da shi take nuna wa masu saye kaya. Sai ta ce to, tunda takarda ba ta shiga gidajen nan, bari murya ta shiga. Abokan aiki suka yi ta zolayarta, wai Malama ta buɗe gidan rediyo. Ta yi murmushi ta ci gaba da abinta. Da yamma yara su saurara, su karanta, su turo mata da tasu muryar, ita kuma ta gyara musu ɗaya bayan ɗaya.

Ana nan wata rana saƙo ya shigo daga wayar Bibata, mai sayar da atamfa, uwar wata ɗalibarta Safina. Malama ta danna tana jiran muryar yarinya, sai ta ji ta babbar mace. Ga hayaniyar kasuwa a baya, ga ƙahon babura, ita kuma tana haɗa baƙi da baƙi, tana tuntuɓe tana komawa, har ta kai ƙarshen jimlar. Ta yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka, ta ce, "Malama, ba Safina ba ce, ni ce. Don Allah kada ki yi min dariya." Allah sarki! Ashe duk watannin nan in yarinyar ta yi barci ko ta tafi aike, uwar ce ke ɗaukar karatun. Malama ba ta faɗa wa kowa ba. Bibata ce da kanta ta fesa wa maƙwabciyar rumfarta, waccan ta fesa wa wata, kafin shekara ta zagayo matan da ke turo karatu a ɓoye sun kusa yawan yaran aji.

Malama, ke ce kika saurari manyan mata suna kuskuren da 'yan shekara shida suke yi, ba ki taɓa bari wata ta ji kuskuren wata ba. Ke ce mace za ta gamu da ke a gidan biki ta sunkuyar da kai, ki gaishe ta kamar ba ki taɓa jin muryarta ba. Yalwa mai yalwar zuciya, rumbun sirrin matan Zongo.

To, a shekararta ta ƙarshe, aka shirya babban taron malamai kan koyarwa da na'urorin zamani a Abomey-Calavi. Darektan makarantarsu, Karimou, wanda ita ta koya masa riƙe alli a farkon aikinsa, shi ya aika da bayanin aikinta, aka kuma gayyace ta ta yi jawabi. Ya shigo ajinta yana haki.

"Yaya Yalwa, kin san abin da ke cikin taron nan? Akwai kwamiti da zai zaɓi dabara ɗaya a horar da malamai a kanta, a gwada a makarantu da dama. In aka zaɓi taki, aikin nan ya rayu. In ba a zaɓa ba, ni ba zan yaudare ki ba, ranar da kika tafi ya mutu. Malaman yanzu babu mai tashi da asuba ya yi abin da ba a sa shi ba."

Ta san gaskiya ya faɗa, kuma abin ya daɗe yana cin ta a rai. Darekta ya ce hujja ɗaya ce za ta girgiza zauren, a saka muryar Bibata ta ranar farko, sannan a saka ta yanzu da take karanta shafi guda ba tsayawa. Malama ta tura mata saƙo tukuna, sannan ta je har rumfa ta nemi izini. Bibata ta rufe fuska da gefen zane tana dariya, ta ce, "Kai Malama, ni a gaban manyan 'yan boko? To saka. Baban Safina ma ya ce a saka, su san matarsa ba ta zauna banza ba."

Ana saura 'yan kwanaki taro, Baban Safina, Alhaji Abdulmalik direba, ya kwanta zazzaɓi, Allah ya karɓi abinsa. Bibata ta shiga takaba.

Malama ta je gaisuwa. Ta tarar da ita a ƙuryar ɗaki kan tabarma, babu kwalli babu ɗan kunne, carbi a hannu. Matar da ake jiyo muryarta daga wancan layin kasuwa, yau in ta amsa gaisuwa sai an matso da kunne. Maza masu ta'aziyya suna tsayawa a zaure, wata tsohuwa ce ke kai saƙo tana dawowa da amsa. Haka al'adar gidansu take: mai takaba ba ta ɗaga murya, kuma namijin da ba muharraminta ba ba ya jin ta sai da larura. Malamai suna iya faɗin abin da za su faɗa a kan wannan, amma haka Bibata ta tarar, haka kuma take girmama mijinta. Malama ta zauna, ta yi addu'a, maganar taro tana bakinta ta haɗiye. Wa zai tambayi mace zancen lasifika alhali ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba? Ta tashi ta fito da hawaye.

Ranar taro, a cikin mota, cunkoson hanyar Calavi ya riƙe su, ta gaya wa Darekta ba za ta saka muryar ba. Ya juyo kamar an tsikare shi.

"Haba Yaya! Ta ba ki izini fa, da bakinta, mijin ma ya yarda. Ta aiko ta ce ta fasa?"

"Ba ta aiko ba."

"To me ya rage? Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk jawabin a kan muryar nan muka gina shi. Kuma wa ya san ta a can?"

"Ni na san ta," in ji Malama. "Darekta, wadda ta ba ni izini matar aure ce. Wadda ke ɗakin nan yanzu ban tambaye ta ba."

Ya ce a saka ta wata matar. Ta ce babu wadda ta nemi izininta, kuma ba za ta nema ta waya a cikin mota ba kamar mai cinikin tumatir. Ya yi tsaki ya juya yana kallon titi har suka isa.

Zauren ya cika maƙil. Ga malamai daga kudu da arewa, ga baƙi daga ƙasashen maƙwabta, ga majigi yana haska bango. Waɗanda suka riga ta sun nuna abubuwa masu kyau, kada a rage musu: wani ya kawo allon na'ura mai aiki da hasken rana, wata matashiya ta nuna yadda makafin ɗalibanta ke karatu da waya, har Malama ta tafa mata da gaske. Da aka kira "Madam Adda," ta tashi ta fito gaban jama'a. Ba ta taɓa riƙe makirfo a gaban manya ba. Ta yi bismillah a zuci ta fara, da Faransancinta na aji, tsaf, ba ado. Ta faɗi yadda take turawa, da tsawon da saƙo ya kamata ya yi kada ya cinye wa uwa kuɗin waya, da dalilin da ya sa take gyara wa kowa shi kaɗai ba a cikin taro ba. Mutane suna rubutawa. Sai majigi ya kawo shafin da alamar sauti take a tsakiya, mai kula da na'ura ya ɗora yatsa yana jiran ta ɗaga kai.

Ta ga samu ta ga rashi. Dannawa ɗaya ce. Ta san in muryar nan ta fita, da tuntuɓen da dariyar da kukan, babu wanda zai fita zauren da busasshen ido. Kuma ta san za ta fita ne ta manyan lasifikoki, a kunnen ɗaruruwan maza, ga masu ɗauka da waya a kowane layi.

Ta ce, "Wuce wannan shafin, ɗana." Sannan ta fuskanci jama'a. "A nan na yi niyyar ku ji wata uwa tana karatu. Mijinta ya rasu, tana cikin zaman makoki, kuma a gidansu ba a jin muryar mace a wannan hali. Ku gafarce ni. Sai dai ku yarda da maganata."

Wani dattijo cikin kwamiti ya tambaye ta cikin ladabi, "Madam, muna girmama wannan. Amma mu an ɗora mana zaɓe ne bisa abin da aka nuna mana. Akwai wata shaidar da za mu ji?" Ta ce babu. Ya gyaɗa kai ya yi rubutu. Ba zalunci ya yi ba, aikinsa ya yi. Da yamma aka sanar da zaɓi, ba nata ba ne.

A hanyar dawowa ta yi kuka, kuka sosai, ba ta ɓoye ba. Kada wani ya ce muku wai zuciyarta fari ƙal ta dawo. Aikin shekaru ne ta ga ya suɓuce mata, da hannunta kuma. Washegari da asuba ta jingina waya da kofi ta tura karatu kamar kullum, muryar a dashe.

Watanni suka wuce. Bibata ta fita takaba daf da hutun ƙarshen shekara, kuma Darekta Karimou, wanda fushinsa ya huce ya bar masa kunya, shi ya je rumfa ya ba ta labari. Ranar da Malama ke kwashe tarkacenta daga aji, sai ga Bibata a bakin ƙofa da mata shida ko bakwai na Missèbo, sun rufe rumfunansu da rana tsaka, wanda duk ɗan kasuwa ya san ba ƙaramin abu ba ne.

"Malama, an ce saboda ni kika rasa."

"Maman Safina, bar wannan zance. Yaya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Amma bari in gaya miki. Da kin saka, wallahi ba zan ce miki komai ba, ni na ba ki izini. Sai dai ba zan ƙara turo miki ba har abada, kuma waɗannan ma da sun ji, haka za su yi." Matan suka ce ƙwarai. Bibata ta share ido da bakin mayafi ta ci gaba. "Darekta ya ce in kin tafi karatu ya mutu. Wa ya ce? Ki tafi ki huta. Na asuba ni zan riƙa turawa ga sababbin shiga, Latifatou, ga ta nan, ta ɗauki na yara. Inda muka kakare mu zo gida ki gyara mana. Abin da aka turo mana kuma, yadda kika riƙe namu haka za mu riƙe."

Malama ta nemi kujerar yara ta zauna.

Malama Yalwa, mun gode. Mun gode da asubancin da kika yi ba wanda ya sa ki, da yaran da suka shiga hannunki ba su san komai ba suka fita suna karatu, da iyayensu mata da kika rufa wa asiri har suka daina jin kunyar koyo. Mun gode da ranar Calavi, ranar da ladan duniya yake gabanki kika bar shi don wata baiwar Allah da ke zaune a ƙuryar ɗaki ba ta ma san ana yi ba. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira yadda kika rufa wa wasu, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma malamai matasa, ku je taruka, ku koyi na'ura, ku nuna aikinku, babu laifi, Malama ma ta je. Amma wayoyinku cike suke da fuskokin 'ya'yan mutane da muryoyinsu. Kafin ku haska yaro a bango ko ku watsa shi duniya, ku tsaya ku tambaya, kuma in hali ya canja ku sake tambaya. In tambayar ba ta yiwu ba, ku yi abin da Yalwa Adda ta yi: ku ce a wuce shafin.