Maƙerin da Na Tsayar a Mataki na Uku

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau ta babban birni, mu biyar muna da fada, wato majalisar hira da shan shayi, a unguwar Goudel, cikin lambun kawun ɗayanmu a bakin kogi. Sauran fadodi karta suke yi da gardamar ƙwallo. Mu kuwa wani wasa muka tsinto a tsohon littafin Faransanci da na saya a gwanjo. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa da jaruminsa rubuce a takarda. In jarumi zai yi wani abu, sai a jefa ƙwaya irin ta lido a ga ko ya dace. Daga mataki na ɗaya ake farawa, a tara maki, a hau, kowane mataki da ƙarfin da yake ƙara wa jarumi. Ni ne mai labarin, ni ne kuma mai raba makin. Ashe ɗan wannan ikon ma ya isa ya kumbura wa mutum kai.

Na yi rowar maki, ba zan ɓoye ba. A ganina abin da aka samu da sauƙi ba ya daraja, don haka sai a yi wata uku ana gumurzu kafin in ɗaga kowa. Na kuma kafa doka: wanda bai zo ranar Asabar ba, ba shi da makin ranar. Har suna suka sa mini, Mushe Darakta, wato Malam Darakta da Faransanci. Abin dariya, daga Litinin zuwa Juma'a ni ne mai kukan takardar ƙarin girmana ta kwanta a teburin wani babba, ranar Asabar kuma in zo in yi wa abokaina irin abin da ake yi mini.

A cikinmu akwai abokina, tela ne a Zongo, ɗan asalin Damagaram. Siriri ne, iska mai ƙarfi ta isa ta kai shi ƙasa, amma jarumin da ya zaɓa ƙaton maƙeri ne mai ɗaga jaki da hannu ɗaya. Tun farkon labarin na yi masa alkawarin cewa ranar da maƙerin ya kai mataki na biyar zai ƙera takobin da zai sare sarƙar da aka ɗaure mutanen garinsu da ita. Ya riƙe maganar nan da gaske. Duk inda labari ya kai mu sai ya tambaya ko akwai ƙarfe. A bayan takardarsa har ya zana takobin, da irin adon da yake yi wa wuyan riga.

Matsalarsa fashi. Sai ya zo Asabar uku a jere, ya ɓace biyu. In ya dawo, ya ƙara ramewa, ya ce ɗinki ne ya yi yawa, ko ya ɗan leƙa gida. Ni kuma in ja layi a gaban sunansa. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni sauran sun kai biyar, ɗaya ma shida, shi yana uku. Dodannin da nake kawowa kuwa daidai ƙarfin manyan nake auna su. Bugu ɗaya maƙeri ya faɗi sumamme, sai abokina ya ajiye takardarsa ya koma gindin mangwaro yana fifita gawayin shayi, mu muna ta ihu har kiran magariba.

Wata Asabar bayan la'asar, yana miƙo mini kofin farko, ya ce, "Mushe, don Allah ka ɗaga ni mana. Ƙarfen nan tun bara nike tara shi."

Na ce, "Doka doka ce. In na ɗaga ka, gobe kowa sai ya yi kwanciyarsa a gida ya aiko a ba shi maki."

Mai mataki na shida ya ce a ɗebi nasa a ƙara masa. Na ce ba a yin haka, littafi bai yarda ba. Ƙarya nake, littafin bai ce komai a kai ba. Ɗan gidan masu lambun, Bazabarme ne, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kala suru," wato sai haƙuri. Ni kuma na ɗora da wa'azi: "Sannu ba ta hana zuwa."

Abokina ya yi dariya ya ce, "Ƙarasa mana, Mushe. Sai dai a daɗe ba a je ba."

Daga ranar ya yi Asabar shida bai zo ba. Na ɗauka fushi ne, ni ma na yi nawa. Na ce a labari an bar maƙeri a wani ƙauye yana gadin jakuna, muka yi dariya. Zongo kan hanyata take kullum, amma ban taɓa karkata babur na leƙa shagonsa ba.

Ranar wata Talata da hantsi ƙanwarsa ta kira ni ina biro. Ya rasu a gidan likita. Amosanin jini ne, da shi aka haife shi. Duk fashin nan da nake ja wa layi, yana kwance ne ana ƙara masa ruwa, ciwo na cin ƙasusuwansa. Ɗan gidan masu lambun ya sani, amma abokina ya rantsar da shi kada ya faɗa. Wai fadarmu ce kaɗai wurin da ba a gaishe shi da "ya jiki."

Ranar sadakar uku mahaifiyarsa ta sa aka kira ni cikin gida. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta ce, "Kai ne Mushen? Ɗana, ga wannan, a ƙarƙashin matashinsa muka same ta. Ni ban san ko ta mi ce ba, amma kullum yana dubawa."

Takardar maƙeri ce, ta yi laushi don ninki. A gurbin mataki ya rubuta biyar da fensir, ya goge, ya mayar da uku. Shatin biyar ɗin yana nan, ana gani. Ba wanda zai kama shi a ɗakin nan, amma ya ƙi ɗaga kansa sai na ɗaga shi.

Abokaina sun yi ta ba ni baki, wai ai ban sani ba, wai shi ma haka ya so a ɗauke shi kamar kowa. Na ji. Amma ba sai na san ciwon mutum ba kafin in lura ya shafe wata da watanni yana dafa mana shayi a wasan da ya zo yi. Ya roƙe ni sau ɗaya, da bakinsa, abin da ba zai rage ni da komai ba.

Fadar ta watse a shekarar. Yanzu nakan ja wasan wa wasu abokan aiki jefi-jefi. Duk Asabar uku ina ɗaga kowa tare, da wanda ya zo da wanda bai zo ba, wanda bai zo ba kuma ina zuwa har gida in ga lafiya. Suna cewa na cika sauri, wasan ba ya wuya. Ba na musu.

Takardar tana cikin littafin. Sau da yawa na ɗauki fensir zan rubuta masa biyar ɗin, sai in ajiye. Rubuta shi bai kai minti ɗaya ba, na sani, ko lokacin da yake zaune a gabana da kofin shayi a hannu ma bai kai ba.