Kabad ɗin Yaya

Shekara talatin kafinta yana shagonsa na bakin titi, kuma matarsa ba ta taɓa jin ya ce wa ɗan'uwa a'a ba. Rufin kowa a dangi ya yi yoyo, shi ne mai hawa.

Ranar da aka cire masa tsakuwa a mafitsara, da safe ya shiga asibiti, da la'asar aka sallame shi, bayan ya yi fitsari nas ta duba ta gamsu. Ta ba su takarda: ya sha ruwa sosai, kada ya ɗauki abu mai nauyi har sati biyu.

Dangi suka ce aikin da ba a kwana a asibiti ba ai ba aiki ba ne. Ko sannu babu. Kwana uku sai ga yayansa a ƙofa.

"Ƙanena, tunda garau kake, zo ka kama mini kabad mu hau da shi bene."

Matar ta cusa wa mijin takardar a aljihu don ya nuna, kunya ta hana shi, ya je ya kama kabad ɗin. Kafin azahar fitsarinsa ya koma jini, aka kwashe shi zuwa asibiti.

Sai ga dangi sun cika baranda, yayan a gaba yana ɗaga murya, wai wane irin likita ne zai yi wa mutum aiki ya koro shi a yini ɗaya.

Matar ta zaro takardar daga aljihun mijinta ta danƙa wa yayan.

"Yaya, likitan ko bokiti ya hana shi ɗauka. Kabad ɗinka wa ya rubuta masa?"