Katakon Sunan Tatsuro

Ƙanina Tatsuro direban bas ne, kuma tun yana firamare bai san komai ba sai kendo, wasan takobi na Japan. Ni ina tatar awara, shi yana bayan gida yana dukan iska da takobin gora, har maƙwabta suka gaji da kawo ƙara. Malam Kumagai ne ya koya masa, a tsohon zauren da ke bayan kasuwar kifi. A bangon zauren akwai ƙananan katakai a jere, kowanne da sunan ɗalibi. Ranar da aka rataya nasa, yaron nan kasa cin abinci ya yi don murna.

Garinmu ya yi ta zubewa, matasa suna tafiya birnin Sendai, har katakan suka koma uku: Tatsuro, wani mai gyaran raga, da wata ma'aikaciyar jinya. Hukumar gari ta ce in zauren bai fitar da tawaga a gasar kaka ba, za ta karɓe shi ta mai da shi ma'ajiya. Ƙasa da mutum uku kuwa ba tawaga ba ce.

To, kamfanin bas ma yana da tasa ƙungiyar, kuma don takobin nan suka ɗauki Tatsuro aiki. A gasa ɗaya mutum ba ya ɗaura sunan ƙungiya biyu a ƙugu. Manaja bai yi masa barazana ba. Shayi ya zuba masa, ya ce, "Da kai muka dogara. Gidan da muka ba ku, ba ya yoyo dai ko?" Ga matarsa Fumie da tsohon ciki.

Da safe ya same ni a shago, ya shimfiɗa ƙyallayen suna biyu kan teburina.

"Yaya, wanne zan ɗaura?"

"Kwashe min su kafin su jiƙe. Ƙato da kai, ni zan zaɓa maka?"

"In na bi kamfani, zaure ya mutu. In na bi Malam, ina zan kai Fumie da cikin nan?"

Na buɗe baki zan ƙara masa, sai na dube shi da kyau. Tausayinsa ya kama ni. Ya rame ya yi zuru-zuru, har wuce tasha yake yi fasinjoji suna buga masa ƙararrawa.

Ranar da ya yanke shawara na bi shi zauren, na fake da kai wa Malam awara. Tatsuro ya durƙusa, goshi a ƙasa, ya ce, "Malam, sunan zaure zan ɗaura."

Garin nan ba a ɓoye komai, tsohon ya riga ya ji zancen gidan. Ya ce, "Tashi ka yi sara in gani."

Tatsuro ya yi. Ni da ban san komai ba sai da na ji saran a ƙirjina.

"Takobinka ya lalace," in ji Malam. "Kamar mai kakkaɓe katifa. Ba za ka kunyata min zaure a gaban mutane ba."

Ya dogara sandarsa har bango, ya cire katakon Tatsuro. Wanda malami ya cire wa katako da hannunsa ba ya sake taka zauren. Ƙanina ya rarrafa ya riƙe gefen rigarsa yana roƙo, tsohon ko kallonsa bai yi ba.

Na ce, "Malam, kanka ɗaya? Saura biyu fa."

"Na iya ƙirga. Ajiye awarar ki tafi."

Tatsuro ya yi wa kamfani wasa. Fumie ta haihu a gidan da ba ya yoyo. Zauren kuwa hukuma ta karɓe.

Ranar kwashe kaya na je taimako, ina ta zagin tsohon a zuciyata. Ya sunkuya zai ɗaga ganga, sai wani abu ya zamo daga ƙirjin rigarsa ya faɗi ƙwas. Katakon Tatsuro ne, gefensa har ya yi sheƙi don shafa. Ya ɗauka da sauri, ya harare ni.

"In kika faɗa masa, na daina sayen awararki."

Ban faɗa ba. Na san ƙanina, in ya ji zai ajiye aikin ya je ya durƙusa a ƙofar ma'ajiya. Kullum da asuba, kafin ya tafi tasha, yakan zo bayan gidanmu, ina jin saransa. Jiya ya leƙo shago yana haki, gumi har wuya.

"Yaya, kin saurara? Ya fara gyaruwa? Ina ganin wannan karon Malam zai mayar da ni."