Ƙunzugun Aro

Kwana nawa kika ce bai zo ba? Tara? Shi ne kike ta safa da marwa kina duba waya? Zauna, 'yar nan, jiri kike sa ni. Ku da kuke da abin gwaji a kanti! Gobe ki je ki saya, ko ciki ne ko ba ciki ba ki sani. Tryphena wata uku ta yi ba ta ga jini ba, kuma ba abin da zai gwada ta sai idon mutane.

Maƙwabciyata ce a ƙauyenmu na bakin teku, can Newfoundland, tun ba a haifi uwarki ba. Marainiya ce, daga wani ƙauye mijinta Azariah ya auro ta. Siririya, ga sauri, ko shayi a tsaye take sha. Mazanmu kan tafi kamun kifi Labrador tun watan shida, sai watan goma su dawo. Kifin da tsofaffi ke kamowa nan kusa mu ke wanke shi, mu shanya, hadari ya taso mu kwashe, rana ta fito mu sake shanyawa. Ga lambun dankali, ga yankan ciyawa. Tryphena aikin mutum biyu take yi, ta ci burodi da ruwan shayi ta ce ta ƙoshi.

Lokacin babu audugar mata. Ƙunzugu muke yi da tsumma, mu wanke mu shanya a bayan gida. Tagar uwar mijinta, Gwaggo Drusilla, daidai igiyar Tryphena take kallo. Bayan tafiyar Azariah ta ga an shanya sau biyu. Watan takwas, shiru. Watan tara, shiru. To kin ga lissafin. In ciki ne, ba na Azariah ba ne.

Tryphena ta faɗo mini kicin, ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga. Ta ce, "Jemima, Allah ya sani ko hannuna wani namiji bai taɓa ba. To ina jinin ya tafi?"

Na ce, "Ƙila ya bi mijinki Labrador." Ba ta yi dariya ba.

Ta sha ganye mai ɗaci, ta zauna cikin ruwan zafi, ba labari. Ita kuwa tsohuwa sai ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Igiyarki ta samu hutu bana, amarya. Ko sabulu ne ya ƙare in sam miki?"

A nan ne na yi wautar da har yau take ci mini rai. Nawa jinin ya zo, na wanke ƙunzuguna, na ce ta shanya a igiyarta tsohuwar ta sarara mata. Na manta nawa da buhun fulawa na yanka, har da sauran shuɗin rubutu a jiki. Nata kuwa Gwaggo Drusilla ce ta yanka mata da hannunta, daga jar rigar marigayi mijinta. Sai ga tsohuwa a wurin shanyar kifi, ta sagalo ɗaya a bakin sanda, gaban mata duka. Ta ce, "Jemima, ga kayanki sun yi ɓatan hanya."

Watan goma nas ta zo a jirgin ruwa. Ta duba Tryphena sosai, ta ja fatar idonta ta ga fari fat. Ta ce babu ciki. Ta ce aiki ne ya yi yawa, abinci kaɗan, ga damuwa, sai jiki ya riƙe jininsa. Ta ce wasu ciwo ne ke jawo musu, shi ya sa ake dubawa. Ta ce ta ci hanta, ta sha madara, ta huta. Har gida ta bi Gwaggo Drusilla ta faɗa mata. Tsohuwa ta ce, "Na ji, malama. In babu komai, me ya kai ta aron ƙunzugun wata?"

Maza suka dawo, aikin kifi ya ƙare, ta ɗan yi kumari, jini ya zo a watan sha ɗaya. Ta shanya nata ja a tsakiyar igiya. Sai aka ce ai ganyen nan da ta sha ne ya zubar da cikin. Azariah bai dake ta ba, bai ko ɗaga murya ba. Ta ce mini dai in suna cin abinci tana ganin yatsunsa a ƙarƙashin tebur, yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Haka har sanyi ya wuce.

Ni ma, kar in yi miki ƙarya, akwai ranar da ta sunkuya ɗaukar kifi na tsura wa cikinta ido. Na zaci ba ta lura ba.

Da ƙanƙara ta narke, jirgin farko ta bi. Daga baya na ji tana wanki a wani asibiti a Halifax, ta tsufa a can. Ni kaɗai na raka ta bakin jirgi da safen nan. Ta miƙo mini igiyar akuyarta, tana ta waige ko Azariah zai sauko. Bai sauko ba. Na fara ba ta haƙuri kan aron nan, ta katse ni.

"Bar maganar aro, Jemima. Ke ma kin kalli cikina, na gan ki. Riƙe akuyar nan, amma ki ɗumama hannunki kafin ki tatse ta, tana harbi."