Saiwar Bado a Kasuwar Nima

A unguwar Nima aka haife ni, kuma ruwan da na sani shi ne babbar kwatar da ta raba mu da unguwar Maamobi. Duk abin da ya tsiro a bakinta ciyawa muke ce masa. Sai da wani mai albasa ɗan Nijar, da ke sauke kaya a kasuwar Agbogbloshie, ya fara zuwa zance wurina, sannan na san kowane tsiron ruwa da sunansa.

Hausarsa irin ta littattafan soyayyar da nake haya ce. Yakan zauna a benci a ƙofar gidanmu ya ce, "Duman kada. Yaɗo yake kamar duma, a inda kada ke shan hantsi, shi ya sa." Kainuwa kuwa, in ji shi, ba ta kama ƙasa, saiwarta reto take cikin ruwa. Bado ya ce bai san asalin sunan ba, amma furensa fari ne tas, kuma ya rufe tafkin bayan gidansu. Can zai kai ni amarya. Ya rantse ba shi da mata. Ni kuwa ina rubuta sunayen a littafin awon ɗinkina. Saboda tafkin nan na sallami wani malamin makaranta da iyayena ke so.

Wata Laraba a kasuwar Nima na tsaya wurin wata tsohuwa mai sayar da magungunan gargajiya, 'yar garin su mai albasar.

"Inna, kina da bado?"

Ta miƙo mini wani baƙin dunƙule kamar busasshen gwaza. "'Yar Zongo, ina kika san bado?"

Na ba ta labarinsa, har da tafkin.

Ta yi dariya har ta ƙware da goro. "Tafki? A garinmu? 'Yata, rijiyarmu sai raƙumi ya ja guga. Matarsa ce 'yar masunta, daga bakin kogi. Wannan ma ita ta aiko mini da shi cikin motar albasarsa."

Ashe sunayen da nake haddacewa a bakin matarsa ya ji su.

Da la'asar ya zo, na ajiye dunƙulen a kan bencin tsakaninmu.

"Na tafkinku ne, ko na surukanka?"

Ya daɗe yana kallonsa. "Da ma zan faɗa miki."

Na mayar masa da atamfar da ya ba ni ta toshi. Malamin ya riga ya yi aure. Shafin sunayen nan kuma na kasa yage shi, don akwai awon mutane a bayansa. Har yau ban ga furen bado ba.