Gwaggo Asabe da Tsagar Bangon Bayinmu

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa wani ɗan acaɓa ya yi sallama, ya ce daga Gammo yake. Baba ya fita, ya jima, ya dawo da hularsa a hannu. Ya dubi Inna ya ce, "Allah Ya yi wa Yaya Asabe rasuwa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta abin da na sani game da ita.

Gwaggo Asabe yayar Baba ce. Uwata take kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Bayan damina ta baro gidanta a Gammo ta zo mana Gwarzo ganin likita a kan ciwon ƙirji, ta zauna da mu har gab da azumi.

A lokacin ruwa ya ci bangon bayinmu. Fentin ya kumbura yana ɓarewa, ga kuma tsaga ta wajen lungun da samari ke bi zuwa famfo. Wata rana ina wanka na ji dariya a waje. Ban san ko da ni ake ba. Na cusa tsohon ɗankwalina a tsagar, duk da haka na koma gudun wanka. Inna ta yi ta faɗa wai na zama ƙazama, kunya ta hana ni faɗin dalili.

Gwaggo ce ta ga ɗankwalin. Ta wanke shi, ta ninke, ta ajiye mini a kan matashi. Ba ta tambaye ni komai ba. Da Baba ya dawo daga masallaci ta tare shi.

"Kai Sani, bayin nan naka ya fi ni tsufa."

"Yaya, na sayi fenti, kafin Sallah za a shafa. Siminti ya yi tsada, kuma gidan nan ba shiga ne, ba zan kawo magini cikin mata ba."

"To ai ni na riga na shigo. Samo mini ɗan siminti ko a kwano ne, ka riƙe fentinka tukuna. Ka taɓa ganin an yi kwalliya ba a yi wanka ba?"

Baba ya samo mata simintin. Da tsohuwar wuƙa ni da ita muka kankare fentin. Tana ƙwanƙwasa bangon da ƙotar wuƙar tana saurare. "Inda kika ji yana ƙara kamar ganga, ƙarya yake yi, fasa shi." Da ta fara faɗaɗa tsagar, sai na tsorata, don har ƙafafun masu wucewa nake gani. Ta ce sai an buɗe ta za ta karɓi siminti, ta rataya tabarma a wurin. Ta jiƙa tsagar da ruwa, ta cika ta, ta lailaye. Ƙura na sa ta tari, in na ce ta huta sai ta ce, "Uwata, ba a taɓa barin rabin bango ba." Da simintin ya kama, muka goge shi da guntun bulo har ya yi sumul. Baba ya ɗauko fenti, ta ce, "Bar shi ya sha iska. Mai gaggawa sau biyu yake shafawa."

Ba a shafa ba ta koma Gammo. Ranar tafiyarta ta jawo ni gefe ta raɗa mini, "Je ki yi wankanki da rana tsaka. Ba mai ganinki sai Allah." A nan na gane tun farko ta san komai, kuma ko Inna ba ta gaya wa ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe, Ya gafarta mata, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Allah Ya ba Baba da 'ya'yanta haƙurin rashinta, Ya raya abin da ta bari. Ya Allah, ta rufa mini asiri ban roƙe ta ba. Ina roƙon Ka, Ka rufa mata nata ranar da za a tara mu.